Sha Huɗu Cikin Ashirin

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da wannan ke nufi. Uwata ba ta faɗin sunana. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta miƙo mini ƙwarya hannu da hannu. Sai dai ta ajiye fura a gindin zana ta ce wa iska, "Ga hura nan, in da mai sha." In na yi abin kirki ta kau da kai, in na yi ɓarna ta bar wa wani ya yi mini faɗa. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a ƙauyenmu, da ke kan hanyar Matankari in ka baro Dogon Dutsi, babu macen da ta kai Inna riƙe ta. Mata har misali suke yi da ita. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son yabo tun ina ƙarami, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba yanzu da na tsufa. Sai aka haɗa ni da uwar da ko tuntuɓe na yi a gabanta ba za ta ce sannu ba.

Kakata ta wajen uba ce ta yaye ni ta riƙe ni, shi ya sa Baba yake kirana "na tsohuwa". Shi ya samo wa kansa wannan mafita. Inna ko wannan ba ta yarda ta faɗa ba. In dole ta kama ta yi maganata, sai ta ce "wancan".

Shekarar da kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya aiko kowane gari ya ba da yara a sa lakwal, wato makarantar boko, mai garinmu ya ɓoye nasa, ya duba gidan da ba za a yi masa gardama ba, ya nuna namu. Gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo da jar hularsa ya ɗora ni a bayan doki. Tsohuwa ta biyo mu har bayan gari tana zagin gardin, da dokin, da wanda ya haifi mai gari. Inna tana daka a lokacin. Na hango ta saman zana taɓarya tana hawa tana sauka, ko tsayawa ba ta yi ba. Na daɗe ban yafe mata wannan dakan ba.

Abin da babu wanda ya zata, har da ni, shi ne kaina ya ɗauki karatun. Ba zan yi muku tawali'un ƙarya ba: na fi 'yan ajinmu, na kuma san na fi su. Daga Dogon Dutsi aka tura ni Yamai, na yi shekaru can, daga Yamai kuma aka ce in wuce Dakar, babbar makarantar da yanzu muke ce wa jami'a. A lokacin mulkin Faransa ya fara tsufa, an daina aikin dole, mutane sun fara gane ɗan lakwal yana iya zama mushe, wato malamin makaranta, ko akawu. Baba bai gane komai ba. Shi ma'auninsa ɗaya ne a duniya, rumbu. Mutum ne mai salla, amma bai taɓa yanke zumunci da doguwar gonarmu ba, aljanar da ke zaune a babban gawon da ke tsakiyar gonar. Kowace kaka, kafin dami ɗaya ya shiga gida, sai ya kai mata nata gindin gawon. Yakan ce ita ce mai gona, mu aro muke yi.

Daminar da zan tafi Dakar tsohuwa ta rasu, gadon bayan Baba kuma ya fara ciwo. Tsakanina da ƙannena maza akwai mata da kuma waɗanda ba su rayu ba, don haka babu mai kama masa hauya sai yara ƙanana. Wata rana muna hutawa a gindin gawon nan, ya dube ni ya ce, "Na tsohuwa, shekara nawa kana noman gonar Nasara, ko zangarniya guda ban gani ba. Tahi wagga shekara. In ka komo ka gwada min abin da gonar tab ba ka. In ta cika, ka koma. In ba ta cika ba, ga hauya, ga ni, ga bayana."

Na ce, "Za ta cika, Baba."

Da sauri na faɗa, har da ɗaga kai, don ban taɓa shiga aji na fito a baya ba. Ban tsaya na tambaye shi me yake nufi da cika ba.

Dakar ta fara da koya mini hankali. Na tarar da 'yan Dahomai da 'yan Sanagal suna zuba Faransanci kamar da shi aka yi musu huɗuba, ni kuwa da ake yi wa tafi a Yamai sai na koma ɗan ƙauye mai tsoron teku. Kimiyyar tsirrai da ƙasa nake karantawa. Tsarin makarantar kuma haka yake: shekarar karatu kashi biyu ce, kowane kashi yana ƙarewa da jarrabawa, kowace jarrabawa ana auna ta bisa ashirin. Wanda ya sami goma ya tsira. A ƙarshen shekara sai a haɗa makin kashi biyun a raba biyu, abin da muke kira muwayan. Duk wanda muwayan ɗinsa ya kai sha huɗu, kuma bai faɗi ƙasa da goma a ko da darasi ɗaya ba, za a kira sunansa a babban zaure gaban kowa, a rubuta shi a allon girmamawa da ke bakin ƙofa, a ba shi takarda mai hatimi.

Wanda bai zauna gaban malaman nan ba zai ce sha huɗu abin wasa ne. Mutanen nan kamar daga naman jikinsu suke yanko maki. Sai ka rubuta abin da kai kanka ka karanta ka ji daɗi, a dawo maka da shi da sha ɗaya, jan alƙalami ya bi shi sama da ƙasa. Sha shida labarinta kawai muke ji. Ashirin kuwa ban taɓa haɗuwa da wanda ya san wanda ya samu ba. Tun makon farko na tsaya gaban allon nan na karanta sunayen 'yan bara, na ce wa kaina ga zangarniyar da zan kai wa Baba.

Kashin farko na tashi da sha uku. Rubutu bai ba ni kunya ba, baki ne ya ja ni ƙasa. Harshen Ba'are, ɗan Arewa irina, bai san bambancin "p" da "f" ba, in mun sake jiki ma duka biyun "h" muke mayar da su. A jarrabawar baka na tashi in ambaci wani irin waken Turawa, sai harshena ya zame na ce hanta, don a Faransanci wannan harafin kaɗai ya raba su. Malamin ya cire tabarau ya tambaye ni, da fuskar gaske, wane wata ake shuka hanta a ƙasarmu. Waɗanda ke jiran layi a bakin ƙofa suka kwashe da dariya. Na fito, na yi kwanaki ba na gaisawa da kowa.

Lissafin a fili yake. In ina son sha huɗu a ƙarshen shekara, dole kashi na biyu in kawo sha biyar. Na je kasuwa na sayi ɗan madubi irin na mata, kowace safiya ina zaune bakin gado ina kallon bakina: in leɓɓa sun haɗu "p" ce, in haƙori ya taɓa leɓe "f" ce. Abokin ɗakina, wani ɗan Dahomai mai bakin tsiya, ya baza a makaranta cewa ɗan Nijar ya rasa budurwa ya koma son kansa. Na ƙyale shi. Na daina zuwa kallon ƙwallo, na daina yawon bakin teku ranar Lahadi. Na rame har wandona ya koma sai da igiya. Da jarrabawar baka ta zagayo, malamin nan dai na sake samu. Na amsa masa tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ina sa kowane harafi a mazauninsa, har waken nan na nemo dalili na ambata sau biyu don ya ji. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta abin da zai rubuta.

Sha biyar na samu, babu ko ɗigo a kai. Muwayan ya tsaya sha huɗu cif.

Ranar da aka kira sunaye, shugaban makarantar ya murɗe nawa har da ƙyar na gane ni ake nufi. Ban damu ba. Na tashi na taka zuwa gaba a hankali, don kowa ya ga ko wane ne. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma har yau in na tuna sai ƙirjina ya buɗe. Mu kaɗan ne aka kira, kuma ni kaɗai ne daga ƙasarmu. Kwanakin da suka biyo baya na riƙa ƙirƙiro dalilin wucewa ta bakin ƙofar nan: in manta littafi da gangan, in raka wanda bai ce in raka shi ba. Abu ɗaya ya riƙa sosa mini rai. An faɗi sunana da ƙarfi gaban ɗaruruwan mutane, amma wadda na fi so ta ji tana can tana daka, kuma ko an faɗa a gabanta tashi za ta yi ta bar wurin.

Na dawo gida ta jirgin ƙasa, sannan kamiyo bayan kamiyo, manyan motocin kaya, na iso ana noman farko. Na bari sai da aka yi la'asar, Baba yana zaune a rumfar ƙofar gida tare da amininsa, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Faransa ya dawo da lambar tagulla da ɗingishi. Shi ne masanin Faransanci na garinmu, ko da yake abin da ya sani bai wuce umarnin fareti da zagi ba. Na durƙusa na miƙa takardar da hannu biyu. Ta cikin zana ina jin motsin Inna tana tankaɗe, na kuma san duk abin da aka faɗa a rumfar nan yana shiga kunnenta. Saboda haka na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata.

Baba ya shafa hatimin da babban yatsa, ya ce, "To, mi tac ce?"

Na ce, "Ta ce na samu sha huɗu, Baba."

"Cikin nawa?"

"Cikin ishirin."

Ya shiga motsa yatsu a kan gwiwa. Na san wannan motsin, da shi yake ƙirga damma a bakin rumbu. Sai ya ɗago ya ce, "Ina shiddan?"

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake. Na ce ai ba a samun ashirin, babu wanda ya taɓa samu, sha huɗu ita ce ta manya, har allo aka rubuta sunana. Ya ce, "Raggon manomi ma hakanan shika cewa, wai bana ba wanda gonatai tay yi. Ni tambaya ɗaya niy yi. An ba ka ishirin ka kawo sha huɗu. Wa yac ci shidda?"

Na juya wurin tsohon soja ina neman agaji. Na nuna masa kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasan makin, wadda ke nufin an yaba ƙwarai. Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya haɗa baƙaƙen da ƙyar, ya ce, "Biyan. Ai na san shi. Wanga shi kumandan ka ce ma kowa. Ka kai mai ƙwai shi ce biyan, ka riƙe mai doki shi ce biyan. Ni kaina an ce min biyan ya hi a ƙirga, ga ni nan zaune."

Da ba aminin ubana ba ne, da na faɗa masa maganar da za ta sa ya manta ɗingishinsa. Baba ya miƙo mini takardata ya ce, ba tare da fushi ba, "Ka yi ƙoƙari, na tsohuwa. Amma ba ta cika ba. Gobe da sahe muna gona." A cikin gida tankaɗe ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Zan iya guduwa. Takardar komawata tana hannuna, kuma da na je bariki na kai ƙara da an aiko gardi ya tsawata wa Baba. Amma na ba da baki a gindin gawo, kuma ɗan da ya sa aka tsawata wa ubansa ba ya sake zama da mutunci a Arewa, ko ya karance littattafan duniya. Makaranta za ta koma bayan girbi. In lokacin ya yi ban tafi ba, an ba wani gurbina, shi ke nan.

Haka na yi daminar nan da hauya a hannu da ɗaci a zuciya. Hannuwan da suka saba da alƙalami suka yi kanta, suka fashe, suka sake yi. Ina noma ina fushi, kuma fushin ya sa na fi kowa saurin kai kunya ƙarshe, har Baba ya fara yaba ni a gaban mutane, yabon da ya fi zagi ciwo. Na gwada yi masa bayani ta kowace hanya. Na jera tsakuwa ashirin a ƙasa. Na kawo masa misalin mushen Dogon Dutsi, wanda kowa ke cire wa hula, na ce shi ma bai taɓa ganin sha huɗu ba. Ya ce to shi mushe ya san wanda ya yi wa alkawari. Duk inda na bi, sai mu dawo kan shidan nan.

Inna ba ta canza ba. Ta kawo fura gona ta ajiye nesa da ni. Wata rana da hannuwana suka yi muni na tarar da ɗan kasko a bakin ɗakina, na ji ta daga nesa tana cewa, "Ga man kaɗe nan, in da mai so." Na shafa, amma ban gode ba. A raina ina cewa, ga ni ina nutsewa a gabanta, abin da za ta iya ke nan.

Shekarar ta yi kyau. Hatsi ya yi zangarniya har tana rinjayar kara, muka yi girbi muka ɗaure damma muka tara a tsakiyar gona. Ranar da za a fara kai su gida, Baba ya yi abin da ya saba. Ya zaɓi masu kyau ya kai gindin gawo, ya yi 'yan maganganunsa a hankali. Ya ware na malam, ya ware na sarki. Sannan ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon abin da ya rage, fuskarsa a sake, ya ce, "Alhamdu lillahi. Bana gona ta cika."

Ni ina ɗaure wa jaki kaya. Saura kwanaki kaɗan kamiyon da zai kai ni Yamai ya tashi daga Dogon Dutsi, na riga na cire rai. Inna ta zo da ƙwaryar fura, ta ajiye, maimakon ta juya kamar kullum sai ta tako har inda jakin yake. Tunda nake ba ta taɓa matsowa kusa da ni haka ba. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi Baba ba. Ta kama kunnen jakin ta ce masa:

"Kai jaki, tsaya in tambaye ka, tunda kai ad da hankali gidanga. Hatsin da munka shibka bana, dut shi na za ka kai rumbu? Tsuntsaye sun ɗau nasu. Ƙuduji ya ci nashi. Ga na mai gona can gindin gawo, ga na malam, ga na sarki. Ban ji wanda yat tambayi mai gida ina sauran ba. Cewa anka yi gona ta cika."

Jakin ya kaɗa kunne, ta sake kamawa.

"To gonar wasu, can bakin ruwan da ba shi da gaɓa, ita ba ta da masu ita? Baƙo shi tahi ƙasar mutane shi kwashe ishirin dut, bai bar ma masu wuri komi ba? Wanga ba noma ba na, sata ta. Ni dai ban haihi ɓarawo ba."

Ta saki kunnen jakin, ta gyara zanenta, ta kama hanyar gida ba ta waiwaya ba.

Igiyar da ke hannuna ta faɗi. Ba maganar shidan ce ta kashe mini jiki ba, kalmar ƙarshen ce. Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta ce ta haife ni ba, ko a kaikaice. Ga shi ta faɗa, a gaban ubana, ta hanyar jaki. Na san kuma abin da wannan ya ci mata, ita da mata ke misali da kunyarta.

Baba ya daɗe yana kallon gindin gawo. Can ya ce, "Na tsohuwa."

"Na'am, Baba."

"Shiddan ga, wa ka riƙe su?"

Ɗan jami'ar da ke cikina ya yunƙura zai fara bayanin yadda ake ba da maki, da muwayan, da sauran surutu. Allah Ya taimake ni na danne shi. Na tuna malamin nan mai tabarau da jan alƙalaminsa, na ce, "Masu wurin, Baba."

"Kowa suka ɗebe ma?"

"Kowa. Wasu ma rabi suka ɗebe musu."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To mi yas sa ba ka hwaɗi hakanan ba tun hwarko? Kai ka ce ba ka samu ba. Rashin samu daban, hakkin masu wuri daban." Ya sake motsa yatsu a kan gwiwa, ya ce, "Shidda cikin ishirin. Doguwarsu ta hi tamu haɗama." Sannan ya sunkuya da ƙyar, yana dafe da bayansa, ya ɗauki igiyar da na yar ya ci gaba da ɗaurin da kansa. Ya ce, "Gonarka ta cika. Tahi ka wanke tuhwahinka."

Na tsaya ina kallon yadda yake ɗaurin yana cije leɓe. Na san baɗi sai ya kira gayya, sai ya roƙi surukai, sai ya rage faɗin abin da yake nomawa. Bai ambaci ko ɗaya ba, ni ma ban ambata ba. Da yamma na ji shi a rumfa yana gaya wa tsohon soja cewa a ƙasar da ake ɗebe wa mutane rabi, nasa shida kawai aka iya ɗebe masa. Tsohon soja ya ce ai shi tun ranar ya faɗa, biyan ba ƙaramar magana ba ce.

Ranar tafiya na tashi da sassafe na ɗaure akwatina a kan jakin nan, wanda tun daga ranar nake ganin girmansa. Baba ya sa mini albarka a ƙofar gida. Maƙwabta suka fito, kowa da abin da zai ce in sayo masa a Dakar. Inna ba ta fito ba, ban kuma sa ran za ta fito ba. Ina jin taɓaryarta daga ciki, irin dakan ranar da gardi ya ɗauke ni. Na tsaya a bakin zana na ce wa iska, kamar yadda ta koya mini, "To, za a tahi." Dakan ya ci gaba. Na kora jaki muka kama hanyar Dogon Dutsi.

Ban yi nisa ba na ji dakan ya tsaya. Sai wata murya ta ɗaga daga cikin gida, da ƙarfi, yadda duk unguwar za ta ji.

"Sha-huɗu!"

Na ci gaba da tafiya, don ban san da mai wannan suna a garinmu ba. Aka sake kira. Na waiwaya. Tana tsaye a bakin zana da ƙullin gumba a hannu, kuma ba ta ajiye shi a ƙasa ba, miƙo shi take yi. Idonta yana kan jakin, amma hannun ni yake nuna wa.

"Sha-huɗu, ka mance guzurinka."

Sunan yanka ya fi ƙarfin bakinta har ta koma ga Allah, amma wannan babu al'adar da ta hana, don babu wanda ya raɗa mini shi sai ita. Da shi ta kira ni sauran rayuwarta, gaban baƙi da gaban 'ya'yana. Na sami takardu bayan wannan, wasu da maki fiye da sha huɗu, babu wadda ta canza shi.

A ranar dai na saki jakin a tsakiyar hanya na dawo da sauri kamar yaro, duk da gemuna ya fara tsiro. Na durƙusa na sa hannu biyu na karɓi gumbar daga hannunta. Sai a lokacin na tuna an kira ni har sau uku ban amsa ba.

Na ce, "Na'am, Inna."